Zama a Alderley Edge, wa ya san wajen?

Maman_Nana: Salam jama'a. Maigida ya samu aiki a Manchester, wai abokin aikinsa na ta zuga shi mu kama haya a Alderley Edge. Don Allah ya zaman wajen yake?

Ɗan_Fagge: Hajiya sunan ƙauye ne kawai fa, amma garin masu kuɗi ne a Cheshire, 'yan ƙwallon United da City da yawa a yankin suke, har Beckham ya taɓa zama can. Jirgin ƙasa zuwa tashar Piccadilly ta Manchester wajen minti 30 ne. In kin bi London Road, babban titin garin, ba abinda zaki gani sai manyan motoci da gidajen cin abinci masu tsada, kuɗin haya kuwa sai kin riƙe baki wlh.

Ummu_Sadik: Ni abinda ya dame ni da wajen shiru ne yayi yawa, maƙoci zai miki murmushi ya wuce, ba mai leƙo ki ko barka. Naman halal ma sai kin shiga unguwar Rusholme ko Longsight a cikin Manchester.

Ɗan_Fagge: Gaskiya ne Anti. Ku duba Cheadle, tsakanin Alderley Edge da Manchester, akwai masallaci kusa.

Maman_Nana: Toh nagode, bari ya dawo in nuna mai.