Wai me ya haɗa maleriya da iska?

Ɗalibar_jinya:
Salam jama'a, dan Allah masana a taimaka min. Jiya a aji malaminmu yake cewa wai kalmar maleriya asalinta iska mara kyau take nufi, ni dai na yi shiru amma abin bai kwanta min ba, tun muna firamare sauro aka ce mana ke kawo ta, to ta ina iska ta shigo? Kuma in sunan kuskure ne me ya hana a canza shi?

Tsohon_malami:
Wa alaikis salam 'yata. Malaminku ya yi gaskiya. Italiyanci ne, mala aria, mala mummuna, aria kuma iska. Mutanen da sun lura duk wanda ke zaune kusa da fadama zazzaɓi ba ya barinsa, sai suka ɗora laifin kan warin da ke tashi daga ruwan, alhali sauron da ke ƙyanƙyasa a ciki ne. Wurin sun gane shi, mai laifin ne suka kuskure. Sai a 1880 wani likitan sojan Faransa mai suna Laveran ya ga ƙwayar cutar da madubin likita a jinin wani majinyaci a Aljeriya, a 1897 kuma Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya. Kafin nan suna ya riga ya zauna a baki da littattafai, wa zai bi ya goge? Ni a ganina zazzaɓin cizon sauro da muke cewa ma ya fi nasu faɗin gaskiya.

Mai_lab:
Ai ba ita kaɗai ba ce wallahi suna da yawa. Influenza da ake gajartawa a ce fulu ita ma Italiyanci ce, tasiri take nufi, don sun ɗauka taurari ne ke saukar da annobar. Oksijin ma haka, Lavoisier, wani masanin kimiyya ɗan Faransa, ya sa masa suna mai haifar da asid da Girkanci saboda ya zata duk wani asid sai da shi, daga baya aka ga ba haka ba ne amma sunan na nan daram. Wanda ya fi ban dariya shine muscle, wato tsoka, musculus da Latin, ƙaramin ɓera kenan. Ki naɗe hannun riga ki dunƙule hannu ki saki ki kalli yadda ƙwanjinki ke motsi ƙarƙashin fata, zaki ga abin da suka gani.

Ɗan_duba_ƙamus:
Duk Turai kuke ta lissafowa kun manta Larabci. Alcohol daga al-kuhl ne, kwalli dai na ido. Da farko duk gari mai laushi sosai ake kira haka, a hankali ma'anar ta koma abin da aka tace, har ta ƙare a kan giya. Daga kwalli zuwa barasa, tafiya ta yi nisa.

Ɗalibar_jinya:
Ikon Allah! Na gode sosai. To kenan sanin asalin kalma ba zai amfane ni a jarrabawa ba tunda rabi kuskure ne?

Mai_lab:
A'a kanwata ban ce rabi ba fa. Tsofaffin sunaye ne ke da wannan matsalar, amma waɗanda aka harhaɗa daga gutsattsarin Girkanci suna sauƙaƙa hadda ƙwarai. Kama itis kawai da ake liƙawa a ƙarshen suna, kumburi ne, hepat hanta, nephr ƙoda, gastr tumbi, arthr gaɓa, ki liƙa wa kowanne itis kamar hepatitis, kin ga sunan cuta huɗu kenan ba tare da kin buɗe littafi ba. Sai dai ki yi hattara da anaemia, a zahiri babu jini take nufi, kar ki je ki rubuta wa malami haka, ƙarancin jajayen ƙwayoyin jini ko haemoglobin, sinadarin cikinsu mai ɗaukar oksijin, zaki ce.