Sifika mai kai ɗaya: murya tas, amma kabad na rawa, me zan sa a ƙasanta?

Ɗan Sabil (Jidda):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana kayan sauti ku taimaka min. Na samu sifiku biyu na hannu a kasuwar Haraj Sawarikh, irin masu kai ɗaya ɗin nan, ba tuwita (mai siririn sauti) ba wufa (mai kaurin sauti), Fostex FE206En ne mai inci 8 wani ya haɗa masa akwatin katako madaidaici. Wallahi in na sa karatun Alƙur'ani har jan numfashin mai karatun nake ji, ban taɓa jin murya ta fito haka ba. To amma shaggar tamu, wato fulat ɗin da muke zaune, ƙarama ce sai na ɗora su kan kabad ɗin talabijin, da zarar kiɗa mai ganga ya shigo gilashin kabad ya fara zzzz kenan, kofunan shayin uwargida na kaɗawa, maƙwabcina na ƙasa ma ya yi min magana wai yana jin dum dum da dare. An ce in sayi tsinin ƙarfen nan da ake ɗaura wa sifika a ƙasa, zai yi maganin abin? Sannan bes ɗin (kaurin sautin) ya min kaɗan, in ƙara ta amfilifaya ko yaya?

Baba Mai Rediyo (Makka):
Wa alaikumussalam yarona. Ka yi sa'a, amma kar ka taɓa ƙara masa bes ɗin nan. Takardar kan siririya ce marar nauyi, da zaren ayaba a cikinta ma, kuma tafiyarta gaba da baya kaɗan ce, in ka matsa mata ta yi aikin wufa muryar da kake yabo ita ce za ta fara dagulewa, daga nan sai kwayil ya fara gogar maganaɗisu.

Abin da ya sa ka ji murya haka, sifiku na gama gari suna da kurosoba mai raba sauti tsakanin wufa da tuwita, galibi wajen 2,000 zuwa 3,000 Hz (yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya), wurin da kunnen mutum ya fi saurin kama aibu kenan. Naka babu wannan rabon, komai daga wuri ɗaya yake fitowa, ɗan ƙaramin mazurarin da ka gani a tsakiya shi ke fitar da siririn sauti. Tun wajen 1930 Paul Voigt yake wannan aikin a Ingila, kamfanin Lowther ya ɗora. Kuma ba ya cin wuta, ƙarar 96 dB yake bayarwa da wat ɗaya alhali yawancin na kasuwa 86 zuwa 88 ne, wat biyar ma ya ishe ka ɗaki.

Ƙarancin bes kuwa laifin akwatin ne. Wannan kan an yi shi ne don babban akwati mai lanƙwasasshiyar hanya a ciki kamar ƙaho, in ka samu najjar (kafinta) mai haƙuri ya yi maka da filawud mai kauri za ka sha mamaki. Ka juyo su su kalli inda kake zama, don siririn sautin mai inci 8 a miƙe yake tafiya, ka kauce gefe ya ɓace. Kuma ka nisanta su da taga, raɓar Jidda ba ta raga wa takarda.

Abu Safiyya (Riyad):
Baba ya gama magana kan sifikar, Allah ya ƙara girma. Ni kan girgizar zan tsaya. Ya akhi tsinin ƙarfe ba ya raba sifika da abin da take kai, haɗa su yake yi gam, ƙarfe ne fa, jijjigar ta cikinsa za ta bi ta shiga katakon. Mai rabawa sai abu mai laushi da ke lotsawa in an ɗora masa nauyi, sifirin ko roba irin Sorbothane ko ƙafafun IsoAcoustics in aljihu zai ɗauka. Kuma akwai lissafi, in sifirin ya lotsa santimita 1 a ƙarƙashin nauyin to rawarsa tana wajen 5 Hz, daga kusan 7 Hz zuwa sama zai fara tare jijjiga, yani duk bes ɗin kiɗa ya shiga ciki. Roba mai tauri wadda ba ta lotsa ko milimita ɗaya ba aikinta kaɗan ne, in kuma ta yi laushi har ta baje ita ma a banza, shi ya sa dole ka auna nauyin kowace sifika kafin ka saya.

Amma kafin ka kashe ko riyal ɗaya, sauke su daga kabad ɗin nan tukuna. Kabad akwati ne mai rami, shi ma kiɗan yake yi. Ka samu teburi mai nauyi ko ƙafar ƙarfe da za ka cika da busasshen yashi, ka raba ƙwallon skwash huɗu kowace gida biyu ka sa rabi huɗu a ƙasan kowace sifika, ka ɗora tafin hannu kan balat ɗin (tayil ɗin ƙasa) kiɗa na tashi, za ka ji bambancin da hannunka.

Mai Kwano (Madina):
Ni dai ban yarda tsini ba shi da amfani kwata kwata ba, a kan kafet mai kauri yana huda shi ya tsayar da sifika ta daina lilo. A kan balat ne ba shi da aiki sai karce. Sannan ɗan'uwa kar ka ɗauka roba za ta sallami maƙwabcinka gaba ɗaya, wani bes ɗin ta iska yake bugun bango da daɓe, da dare sai dai ka rage murya, haƙƙin maƙwabtaka ne. Sabwufa kuwa, sifikar bes zalla, a bene kar ma ka fara. Ka kashe mukayyif (AC) ma ka saurara, in na taga ne shi kansa yana kaɗa gilashi.

Ɗan Sabil (Jidda):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na sauke su kan bulo biyu da ƙwallayen a ƙasa, zzzz ɗin ya tafi, gangar ma ta fi fitowa a tsaye. Baba don Allah akwatin ƙahon nan, filawud mai milimita nawa zan ce wa najjar, 18 ya isa ko sai an ninka gaban?