Me ya sa CO2 yake miƙe amma SO2 ya lanƙwashe?

Salam 'yan uwa masana kemistiri, don Allah a taimaka min, abin nan ya ɗaure min kai. CO2 (iskar carbon dioxide) da H2O (wato ruwa) kowanne atom uku ne amma CO2 a miƙe yake sambal, digiri 180, shi kuwa ruwa ya lanƙwashe zuwa 104.5, malaminmu ya ce ragowar ilektiron ɗin da ke kan oksijin ne suke tura haidurojin ƙasa. To wannan na yarda. Amma SO2 fa? Na zana salfa a tsakiya oksijin biyu a gefe sak irin na CO2, littafi kuma ya ce a lanƙwashe yake, wajen digiri 119. Yaya ake ƙirga ilektiron ɗin salfa ne? Ga jarabawa ta ƙarato wallahi.