Wa ya cancanci kambu a wasannin talabijin?

Mun yi doguwar muhawara a majalisarmu kan jaruman shirye-shirye masu dogon zango, ga abin da na tsinta daga bakin jama'a.

Mafi yawa sun ce masu ba da kambu su daina bin yawan mabiya a Instagram. Wani dattijo ya ce a duba ɗan wasa lokacin da ba shi ne ke magana ba: yadda yake sauraro, yadda matar da aka yi wa kishiya za ta ci gaba da tankaɗen gari hannunta na rawa ba ta ce uffan ba. Kuka da ihu kowa ya iya. Na yarda da shi.

An kuma koka cewa ana mantawa da masu fitowa a matsayin uwa, maigadi ko ɗan aike, alhali su ke riƙe shiri kamar Daɗin Kowa na Arewa24 shekara da shekaru. Shawarar ita ce a ware musu rukuninsu, kuma alƙalai su kalli zango guda cif kafin su yanke hukunci, ba guntun bidiyo na minti 2 ba.

Batun barkwanci kuwa, har muka tashi ba a daidaita ba.