Neman shawara: in sayi keke mai shoka gaba da baya don hanyoyin Doguwa?

Malamin gona, Doguwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawararku nake nema kafin in saki kuɗina. Ni malamin gona ne, ƙauyuka shida nake zagayawa a gefen Riruwai, mafi nisansu kilomita 14 daga gida. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, babur ke cinye abin da ya kamata a sa a tukunya. Na koma kan tsohon keken mahaifina, Phoenix, amma wanda ya san hanyoyinmu ya sani: tsakuwa, hawa, gangara, ga kwazazzabon da damina ta yanka. In na dawo gida, ƙuguna da wuyan hannuna sai an gasa min da ruwan zafi.

Wani abokin yayana ya kawo kekuna 'yan Kwatano, ya bar min ɗaya in gwada na mako guda. Irin na hawan dutse ne, mai shoka gaba da baya. Jikinsa alminiyon, taya inci 29 mai faɗin inci 2.4. Shokar gaba RockShox ce ta iska, tana nutsewa milimita 140, ta baya 130. Giya Shimano Deore, faranti ɗaya a gaba mai haƙora 32, a baya 12, daga haƙora 10 zuwa 51. Birkinsa na mai ne mai faifai. Sirdin ma da ɗan maɓalli a kan keke ake saukar da shi. Na ɗora shi a sikelin mai sayen masara, ya ba da kilo 15.

Jiya na sauko da shi wata gangara da kullum sai na sauka na tura Phoenix. Ina ganin duwatsun suna shiga ƙarƙashin taya, ina jin shokar tana huci, amma bugun bai iso ƙuguna ba. Da yatsa ɗaya na riƙe birki. Wallahi na daɗe ban ji daɗin hanya haka ba. Sai dai kuɗinsa ya kusa na babur na hannu, kuma duk abin da na tara ke nan. In saya, ko in haƙura?

Baba mai gyaran keke, Tudun Wada:
Wa alaikumus salam ɗana. Shekarata ta fi talatin ina wannan sana'a, kuma zan faɗa maka abin da zan iya da wanda ba zan iya ba. Faci, ɗaurin sifok, miƙe rim, wannan ka kawo. Amma shokar nan in ta saki mai, ba ni da robobin cikinta, ba ni da makullanta. Tayarsa ma ba ta kasuwarmu ba ce. Kada wani ya ce maka tayar Phoenix za ta shiga don an rubuta 28 a wannan, 29 a wancan. Rim ɗin Phoenix milimita 635 ne, na wannan 622, ba sa haɗuwa. Sarƙarsa siririya ce, ta giya 12 kawai. Ranar da ta tsinke a ƙauye, a kafaɗa za ka kawo shi. Sannan ina za ka ɗaura irin shuka da taki? Irin waɗannan yawanci ba su da wurin ɗaura kariya, saboda bayan keken motsi yake yi. Ka yi tunanin wannan da kyau.

Mai hawan keke, Dutse:
Baba ya faɗi gaskiya, Allah ya ƙara girma. Amma Malam, ni shekara uku ina hawan irinsa a duwatsun nan namu, har Birnin Kudu nake zuwa da shi, don haka bari in ɗan tsawaita.

Abin da ka ji a gangarar nan ba shoka kaɗai ba ce. Dubi ƙafafun gaba, za ka ga sun ɗan kwanta, ba a tsaye cak suke ba. Kekunan wannan aji kusurwarsu takan kai digiri 65 ko 66, sai tayar gaba ta yi nisa da kai, shi ya sa ba ya neman wurga ka ta kan keke in ka ci karo da dutse. Babbar taya kuma ba ta faɗawa ƙananan ramuka, ta samansu take wucewa. A hawa, in ka sa 32 a kan 51, feda zagaye ɗaya taya ba ta kai kashi biyu cikin uku na zagaye ba, alhali a Phoenix ta fi biyu. Tudun da kake turawa, a zaune za ka haye shi, a hankali dai.

Inda zai ba ka haushi shi ne kwalta da burji mai kyau. Haƙoran taya suna ja, shokar baya tana ɗan rausaya da kowane taki, ƙarfinka na tafiya a banza. Duba jikin shokar, akwai ɗan maɓalli da ake juyawa ta yi tauri. Ka riƙa amfani da shi.

Yanzu abu mafi muhimmanci, iskar shoka. Dole a daidaita ta da nauyinka. A jikin sandar shokar akwai ɗan zoben roba. Tura shi ya manne, ka hau a hankali wani ya riƙe maka keken, ka sauka ba tare da ka yi tsalle ba. Zoben zai nuna iya nutsewar da ta yi. A baya ana son kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, wato in tsawon tafiyar sandar milimita 55 ne, ka ga kusan 15 ko 16. A gaba kuwa kashi 15 zuwa 20. In ta wuce haka, fedarka za ta riƙa dukan dutse. In ba ta kai ba, ka sayi shoka amma ba ka morar ta.

Kuma don Allah kada ka kai wa mai faci ya hura. Bawul ɗin iri ɗaya ne da na babur, shi ke ruɗin mutane. Tayar mota fam 30 zuwa 35 take sha a agogon awon iska, shokar baya kuwa sau da yawa ta haura 150, cikin ɗan wuri kamar gwangwanin tumatir. Tana da famfonta na musamman mai agogo, wanda ke kaiwa 300. In mai keken ba zai haɗa maka da shi ba, ka sa kuɗinsa cikin lissafi tun yanzu.

Malamin firamare, Maigatari:
Ni a nan jigawa ce, rairayi har idon sawu. Na gwada na wani abokina, shokar baya ba ta ƙare ni da komai ba, yashi ba ya bugu, nutsewa yake. Faɗin taya da rage iska su ne magani. Da a wajenmu kake da na ce ka sayi mai shokar gaba kaɗai, ka riƙe canjinka. Amma ku ƙasarku dutse ce, ba ɗaya ba.

Abin da zan ja kunnenka a kai shi ne ƙaya. Tsidau da ƙayar aduwa ba sa jin girman keke. Ka tambaya ko tayar marar tiyub ce, wadda ake zuba wa ruwan gam a ciki ya toshe huda da kansa. Yana aiki ƙwarai, amma zafin bazara yana busar da shi, bayan wata biyu ko uku sai an ƙara. Ka riƙa yawo da tiyub ɗaya a jaka ko da kuwa.

Bakaniken babur, Kwanar Dangora:
Yallaɓai, ni birki kawai zan yi magana a kai, don na taɓa lalata na wani da hannuna kuma har yau abin na damuna. In birkin naka na Shimano ne kamar giyar, ba man birkin mota yake sha ba, nasa man daban ne. Na zuba na mota, robobin suka kumbura, birkin ya kama taya ya ƙi saki. Kada ka bari kowa ya yi maka haka. Kuma kada baƙin mai ya taɓa faifan, ko sarƙar. Baƙin mai da ƙurar hunturu in sun haɗu sun zama dutsen wasa, cinye haƙora suke. Farantan bayan nan 12 a haɗe ake sayar da su, kuma ba araha.

Mai hawan keke, Dutse:
Na manta, tunda keken na hannunka kada ka sayi kifi a ruwa. Kama sirdi ka ɗan ɗaga sama a hankali, in ka ji ƙwas-ƙwas, boris ɗin gaɓoɓin baya ko bushin shoka sun ci. Shafa yatsa a sandunan shokar gaba, in akwai karce mai kama farce, zai riƙa yanka roba yana zubar da mai. Wanke jikin, ka haska da tocila wajen walda, musamman ƙarƙashin wuya da kusa da feda. In ka ga tsaga ko siririya kamar gashi, ka mayar masa, alminiyon da ya tsage ba na mai waldar bakin hanya ba ne. Sannan ka sa alama a zoben yau, ka sake aunawa bayan kwana biyu, ka ga ko iska na fita. RockShox sun ce a buɗe ƙasan shokar gaba a canza mai duk bayan awa 50 na hawa. Kai da ke hawa kullum, wata ɗaya ko biyu ke nan. Aikin ba wuya, amma sai an koya.

Malamin gona, Doguwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na yi duk abin da kuka ce. Babu tsaga, sandunan gaba sumul. Iskar ba ta sauka ba cikin kwana biyu. Amma da na ɗaga sirdi na ji ƙwas ɗin nan, ƙanena ya sa yatsa a gaɓar da ke saman feda, ya ce nan ne ke motsi. Tayar baya ma haƙoran tsakiya sun kusa shafewa.

Maganar Baba kan kaya ita ta hana ni barci. Na duba littafin aikina, na ga a mako kwana biyu ne kawai nake ɗaukar iri ko taki, sauran littafi ne da awo da gorar ruwa, jakar baya ta ishe su. Don haka babur ba zan sayar ba, zai yi waɗannan kwana biyun.

Na faɗa wa mai keken zan saya in ya canza boris, ya haɗa min da famfon shoka da sabuwar taya da sarƙa ɗaya ta ajiya, a kan kuɗin da ya faɗa. Ya ce in ba shi zuwa Juma'a. Ɗan'uwa na Dutse, in cinikin ya faɗa zan sa shi a mota in zo ka nuna min yadda ake buɗe shokar gaban. Baba, in ka yarda mu taho tare, don in ta saki mai a Tudun Wada za a gyara.

Baba mai gyaran keke, Tudun Wada:
Na yarda ɗana. Ku sa ranar da ba ta kasuwa ba.