Abin da aka ce a fada kan haɗa sabbin bafil a gida

Jiya a fada wajen shayi maganar bafil da ampili ta taso, masu sani suka yi ta bayani, ga abin da na tsinta.

Kafin ka taɓa waya ka cire ampili daga kuran, kowa ya yarda da wannan. Sai jan waya ta shiga +, baƙa ta shiga -, a ampili da bafil duka, domin in ka juya guda ɗaya sauti zai fito amma bas ɗin ya mutu, ka yi ta zargin mai shago a banza. In wayar ba ta da alama, ka ɗora pil na 1.5V a bakinta, in fatar bafil ta turo waje to wadda ke kan + ɗin pil ita ce +.

Inda aka fi daɗewa shi ne om, wato ma'aunin yadda bafil ke tare wa kuran hanya, kuma wallahi nan mutane ke ƙona kaya. Bafil biyu masu om 8 in ka haɗa su a baki guda na ampili, + da +, - da -, sun koma 4, in ampilinka bai ɗaukar 4 zai yi zafi ya mace, ka karanta abin da aka rubuta bayansa tukuna.

Wayar tagulla ta gaske, mai kaurin 1.5mm² ta isa ɗaki, in da nisa 2.5mm². Ka murɗe gashinta kar su taɓa juna.

Kuma da yadda kuran ke hawa da sauka a Maradi, regilatar dole ne. Ka bar wa ampili iska, zafin Afrilu ba wasa ba, in ka kashe shi ka rufe shi da zane saboda ƙurar hunturu.