Dannau da barcin mafarki: lissafin ya ƙi fita

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗalibi ne ni a Birnin Kebbi, an ba mu aikin gida kan barci a darasin ilimin halayyar ɗan Adam, kuma na maƙale wuri ɗaya.

Ga abin da na fahimta. A 1953 Aserinsky da Kleitman na Jami'ar Chicago a Amurka suka gano wani matakin barci da idanu ke motsi da sauri, wanda ake kira REM. A nan ne mafarki ya fi yawa, kuma ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. To dannau kenan: hankali ya farka, jiki bai sake ba tukuna. Wannan ya zauna mini daram.

Matsalar ita ce, matakin yakan zo ne wajen minti 90 bayan barci ya ɗauke mutum. Ni kuwa nawa dannaun da rana yake kama ni, bayan azahar, ko minti goma ban yi da kishingiɗa ba, musamman in na kwana karatu. Ta ina REM ya shigo da wuri haka? Rashin barcin dare ne ke janyo shi gaba?

Sannan nauyin nan a ƙirji, daga numfashi yake ko ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙiro shi? Kakata a Argungu dai ta ce in daina kwanciya rigingine. Don Allah wanda ya sani ya warware mini, ranar Litinin zan miƙa aikin.